Faifan Kyauta da Kwamfutar Sakatariya

A layin nan kowa Auta yake ce masa, duk da furfura ta riga ta cinye rabin gemunsa. Faifan sidi yake sayarwa a wani rabin shago da ya gada daga mahaifinsa. Ɗaya rabin na yayansa ne, wanda mutane ke kira Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin da kwamfuta. A da shago ɗaya ne mai ƙofa biyu. Bayan rasuwar tsohon sai suka gitta katako a tsakiya, kowa ya kama gabansa. Katakon bai kai rufi ba, don haka in Injiniya ya yi tari Auta yana ji, in Auta ya kunna kiɗa Injiniya ya ja tsaki.

Shekara shida ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su, kuma ba wani babban abu ne ya raba su ba. Duk wanda ya kawo wa Injiniya gyaran na'urar sidi, kafin ya kwance noti ɗaya sai ya tambaye shi irin faifan da yake sa mata. In ya ce na araha ne, sai Injiniya ya girgiza kai, ya ce araha ba ta ado, faifan araha shi ke cinye idon na'ura kamar yadda gara ke cin itace. Da ƙarfi yake faɗa, kuma ya san wanda ke zaune a bayan katako. Auta tun yana tankawa har ya bari. Matarsa ta sha gaya masa ya je ya sami yayan nasa su fahimci juna, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi kuma sai ya ce ai ba shi ne ya ruɓe ba.

Kasuwar faifai dai ta ja baya tun da kowa ya koma jin kiɗa a waya. Waɗanda suka rage wa Auta su ne direbobi masu tsofaffin motoci, da dattawan da suka ƙi rabuwa da na'urorinsu, sai kuma ƙananan mawaƙa da ke kawo masa waƙoƙinsu ya zuba musu a faifai. Cikinsu akwai wani kafinta mai zaƙin murya, wanda ya haɗa waƙoƙi takwas ya ce a yi masa faifai hamsin a raba kyauta, shi dai burinsa a ji shi. Auta ya so ya fitar da mutumin kunya. Ya sa aka buga hoton kafintan a takarda, ya zauna da almakashi ya yanke su zagaye-zagaye, ya shafa gam ya manna a bayan kowane faifai. Da ya jera su a kan kanta suka yi kyau har shi kansa ya tsaya yana kallo.

Cikin waɗanda ya bai wa akwai Sakatariya, mai shagon buga takardu a tsallaken titi. Mace ce mai fara'a, ta yi shekaru tana aikin ofis kafin ta buɗe nata wurin. Abin da ta mallaka shi ne tsohuwar kwamfuta guda, da injin buga takarda, da wata ƙatuwar mage mai gashi da ba ta da aiki sai barci. Ta karɓi faifan tana dariya, ta ce kyauta ko ta allura ce ba a raina ta.

Ranar Talata da hantsi Auta yana share gaban shago ya ga ta tsallako titi ba ta ko duba mota ba. Ta iso ta tsaya a gabansa. Ta ce ta sa faifan ne don ta ji waƙa tana aiki. Ya yi ƙugi kamar injin niƙa, sai ta ji wani ɗan ƙauri, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ta danna, ta cire waya ta mayar, ta jira ta huce, shiru. Faifan ma yana ciki ya ƙi fitowa.

Auta ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ba kwamfutar ce damuwarta ba, littafin Hedimasta ne. Auta ya san zancen, duk layin an sani. Tsohon hedimastan makarantar firamare ne da hannunsa ke rawa, ba ya iya riƙe biro. Wata goma sha ɗaya yana zuwa shagonta kullum da safe, ya zauna a kujerar roba yana faɗa tana bugawa, labarin rayuwarsa da na ɗaliban da suka bi ta hannunsa, don ya bar wa jikoki. Saura babi ɗaya su gama. Babu shi a takarda, babu shi a ko'ina sai cikin wannan akwatin da ya mutu.

"Kullum ina cewa gobe zan kwafe shi," in ji ta. "Yau ga goben ta zo."

Kafin rana ta take labari ya zagaye layin, kuma ya ƙara ƙiba a hanya. Aka ce faifan Auta ya ƙone kwamfuta ƙurmus. Aka ce wata cuta ce a cikinsa mai bin waya ta shiga duk abin da ke amfani da lantarki. Wani direba ya dawo da nasa faifan a naɗe cikin leda, ya riƙo shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Mai wanki da guga ya zo yana cewa dutsen gugarsa ya daina zafi tun ranar da faifan ya shiga shagonsa. Auta ya tambaye shi ko a cikin dutsen gugar ya sa faifan, mutumin ya ce a'a, amma dai a kusa da shi ya ajiye. A wata rana da Auta ya yi dariya har da hawaye. Ranar ko murmushi bai yi ba, domin duk wanda ya zo da abu ɗaya yake rufe maganarsa: ai Injiniya ya daɗe yana faɗa.

Da ya je gida cin abincin rana ya kasa kai loma. Matarsa ta zauna ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta tambaye shi wa ya fi kowa iya gyaran kwamfuta a unguwar. Ya ce ta sani. Ta ce to me yake jira? Ya ce yau Yaya zai samu abin da ya shekara shida yana nema, faɗuwa ta zo daidai da zama, kuma a gaban jama'a zai yi masa tsirara. Ta ce ko da hakan ne, kunyar yini ɗaya ba ta kai littafin tsoho ba. Ta rufe kwanon, ta miƙo masa hularsa.

Shi da kansa ya ɗauko kwamfutar daga shagon Sakatariya, ya rungume ta a ƙirji ya tsallaka titi, ita tana biye da wayoyi. Rabon da ya taka ɓangaren yayansa tun kafin a gitta katakon. Wurin yana nan yadda ya san shi: ƙaurin dalma, gawawwakin rediyo a jere har rufi, gwangwanin madara cike da notuna, da tsohon bencin mahaifinsu da ya sha ƙuna. Injiniya yana zaune da tabarau a ƙarshen hanci. Ya ɗago ya dubi ƙanen nasa, ya dubi kwamfutar.

"Yaya, taimako na zo nema," in ji Auta. "In faifaina ne ya yi ɓarnar nan ka faɗa, zan ɗauka. Amma ka fara ceto littafin."

Injiniya ya gyara zama. Ya ture wata rediyo gefe, ya nuna masa inda zai ajiye.

Kafin a kwance murfin mutane sun taru a bakin ƙofa, har da mai guga da direban. Can sai ga Hedimasta da sandarsa, wani ya kai masa labari. Aka ba shi kujera. Sakatariya ta durƙusa za ta fara bayani, ya ce ta tashi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan sandar.

Da murfin ya buɗe Injiniya ya ja da baya yana tari. Cikin kwamfutar kamar an shimfiɗa bargo. Ya sa yatsa ya zaro wani dunƙulen gashi mai girman kan jariri daga bakin fanka, ya ɗaga shi sama, ya tambayi Sakatariya ko tana kiwon tumaki a shagon. Ta rufe baki da mayafi, ta ce magenta ce, ta fi shekara uku tana kwanciya a kan akwatin saboda ɗumi. Aka ɗan yi dariya a bakin ƙofa. Injiniya ya ciro wani ƙaramin akwati na ƙarfe daga kusurwa, wanda ke raba wa kwamfuta wuta, ya shinshina, ya miƙa wa Auta shi ma ya shinshina. Ƙaurin ƙonewa ne sosai. Fankar da ke cikinsa ta daskare, ko da sukudireba ba ta juyawa.

Injiniya ya miƙe ya yi ta bincike a kan kanta har ya samo irinsa a jikin wata tsohuwar kwamfuta, ya ɗaura. Bai kunna ba tukuna, ya ce sai an fitar da faifan. Ya ɗauki wata siririyar waya ya miƙar da ita, domin akwai ɗan rami kamar na allura a gaban ma'ajin faifai, in an soka sai tiren ya fito. Ya soka, bai samu ba. Ya gyara tabarau ya sake, wayar ta zame gefe. Ya jawo fitila kusa, ya sake gwadawa sau biyu. Auta yana tsaye a kansa, yana ganin ramin ƙarara, yana kuma ganin yadda wayar ke sauka nesa da shi. A nan ya gane abin da bai sani ba duk shekarun nan da suke raba rufi ɗaya: idon yayansa ya tafi da yawa.

Injiniya ya miƙo masa wayar ba tare da ya ɗago ba. A hankali ya ce, "Karɓi, hannuna da maiƙo."

Babu maiƙo a hannun. Auta ya karɓa ya soka, tiren ya turo kai da ƙyar, ya ja shi. Ga faifan nan, takardar da ya manna ta ɗago rabi ta naɗe, hoton kafinta ya yage daga hanci zuwa kunne. Guntayen takarda da gam sun cika ciki. Da matsefata Auta ya dinga zaro su ɗaya bayan ɗaya, yayansa yana riƙe masa fitila yana gaya masa inda zai kiyaye kada ya taɓa idon na'urar. Duk guntun da ya fito Auta sai ya ji kamar daga fuskarsa ake ɓare shi.

Aka danna maɓalli. Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Sakatariya ta zauna a ƙasa daɓas tana godiya ga Allah. Amma Injiniya ya ce kowa ya yi shiru. Ya kara kunne a jikin akwatin, ya kira Auta shi ma ya kara. Akwai wani ɗan sauti a ciki, ƙyas, ƙyas, kamar agogon da ya gaji. Injiniya ya ce rumbun da ke riƙe da duk abin da aka rubuta ne, zafi ya daɗe yana gasa shi, kuma ya san wannan kukan, na bankwana ne. Ya zaro filasha daga aljihun rigarsa ya ba Sakatariya, ya ce ta kwafe littafin yanzu, kafin komai. Nan take ta kwafe. Ya sa ta sake kwafewa a tasa kwamfutar, ta buɗe, ta karanta wa Hedimasta layin farko da na ƙarshe. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ciro hankici ya daɗe yana goge tabarau.

Mai guga ne ya kasa haƙuri, ya ce to yanzu dai an tabbatar faifan ne. Auta ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya san zai zo.

Injiniya ya ɗauki faifan, ya ƙarasa ɓare takardar, ya goge shi da gefen riga, ya sa a tasa kwamfutar. Muryar kafinta ta cika shagon. Ya bar ta ta ɗan yi, sannan ya rage. Ya ce faifan waƙa ne zalla, ba wata cuta a cikinsa. Wanda ake tsoro shi ne faifan da aka cusa wa manhaja ba a san asalinta ba, ko wanda ya tsage, don shi yana iya fashewa a ciki in ya ɗauki gudu. Takardar da aka manna kuwa kuskure ce babba, zafi yana ɗaga ta, kuma ita ta cushe ma'ajin faifan, wannan laifin Auta ne ba ja. Amma abin da ya kashe kwamfutar gashin mage ne. Akwatin wutar ya riga ya kai gargara, ko faifan da ya fi kowane tsada a duniya aka sa, da zarar ya fara juyawa ya ja wuta haka za ta faru. Da ba a buɗe ta yau ba, in ji shi, da rumbun ya mutu cikin sati da littafin a ciki, kuma ba mai iya dawo da shi.

Direban ya ce amma ai shi Injiniya ne da bakinsa yake cewa faifan araha na cinye idon na'ura.

Injiniya ya cire tabarau ya ajiye a benci. "Na faɗa," in ji shi. "Idon na'ura tsufa da datti ke kashe shi. Haske kawai yake haskawa, ba ya ma taɓa faifan. Na san haka tun ina faɗa. Haushin wani abu ne daban nake hucewa."

Bai faɗi abin ba, ba wanda kuma ya tambaya. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Mai guga ya tsaya yana tambaya ko za a duba masa dutsen gugarsa, Injiniya ya ce ya kawo, amma ya fara duba ko bai da mage.

Hedimasta ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun Injiniya da nasa biyu ya yi masa addu'a doguwa. Sannan ya juyo ga Auta, wanda ya fara neman gafara. Tsohon ya ce ya bar wannan, wani hanin ga Allah baiwa ne, shi dai a ba shi faifan kafintan guda, marar takarda, don muryar ta yi masa daɗi. Sakatariya ta ce ita kuma daga yau magen a kwali za ta dinga kwana, in ba ta so ta nemi wani aikin.

Da shagon ya rage su biyu, Auta ya tsaya yana juya matsefata a hannu. Yana da maganganu da yawa da ya tara na shekara shida, waɗansu ma ya sha maimaita su a zuci, amma da ya buɗe baki ba ko ɗaya da ta fito. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, na gode. Da ka ga dama da ka bar ni a ciki."

Injiniya ya ce ya daina surutu ya je ya karɓo sauran faifan kafin su cushe motocin mutane.

Kwana biyu Auta ya yi yana zagaye a kan babur. Ya samo arba'in da ɗaya, sauran sun yi nisa da direbobi, sai dai ya yi ta kiran waya yana cewa a ɓare takardar kafin a sa. Ya sake zuba waƙoƙin a sababbin faifai, ya rubuta sunan kowace waƙa da alƙalamin maka, ya kai wa kafinta ya gaya masa duk yadda aka yi. Kafintan bai ji haushi ba, don tun da labarin ya bazu mutane ke ta neman faifan da aka ce ya kashe kwamfuta, su ji abin da ke ciki. Rumbun Sakatariya kuwa ranar Juma'a ya yi shiru gaba ɗaya, kamar yadda aka faɗa. Ta zo ta tsaya tsakanin ƙofofin biyu ta ba da labari, ta rasa wanda za ta fi yi wa godiya, har ta ce ita fa har da magen ma ta yafe wa.

Zancen idon ne Auta ya rasa ta inda zai ɓullo masa. Matarsa ta ce kada ya tambaya, don in ya tambaya Yaya zai ce lafiyarsa ƙalau. Ita ce ta je asibitin ido ta karɓo kati, ta ce ranar Litinin da safe likita zai gan shi. Da ranar ta zo, Auta ya tsayar da babur a ƙofar yayansa, ya leƙa ya ce ya zo ya raka shi wani wuri. Injiniya ya ga katin a hannunsa, ya matso da shi kusa da fuska ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya wa ya sani. Auta ya ce daga shi sai maiɗakinsa. Injiniya ya ce ya fi shekara yana aiki da lalube da sabo, kullum yana tsoron ranar da zai ƙona kayan wani. Ya kashe fitilar benci, ya kulle shago, ya hau bayan babur ya dafa kafaɗar ƙanen nasa.

Tun kafin su fita daga layin ya fara mita. Ya ce Auta yana shiga rami da gangan, ya ce birkin yana kuka, ya ce tun yana yaro bai iya tuƙa ko keke ba. Auta ya rage gudu, ya ce to Yaya. A asibitin suka sami layi mai tsawo, suka zauna a benci ɗaya, Injiniya yana tambayarsa ajin da 'yar Auta ta biyu take yanzu, da ko har yanzu tana tsoron kaji. Suna cikin haka ma'aikaciya ta leƙo ta kira lambarsu, Auta ya miƙe ya riƙe masa ƙofa suka shiga.